Furar da Bo'az Ya Ƙi Sha

Na dawo Maraɗi da wata shakka da na ɗebo daga inda na yi karatu. A can, duk buhun agajin da na gani akwai tambari a jikinsa, duk mai rabo kuma akwai mai ɗaukar hoto a bayansa. Don haka da aka ce mini akwai wasu Kiristoci a Tsibiri masu bin gidajen da ruwa ya rusa suna tayar da bango, ba riga mai rubutu, ba hoto, ba wa'azi, sai na ce a raina akwai dai abin da ba a gano ba tukuna. Na neme su. Suka karɓe ni da fara'a, suka ba ni ruwa, amma batun aikin suka ce babu abin faɗi a ciki. Wani mai shayi a bakin tasha ne ya ce in labarinsu nake so in nemi Tanimu mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa. Na ce abokinsu ne? Ya yi dariya ya ce a'a, ai shi ya sa, duk garin nan ba wanda ya sa musu ido kamar shi.

Tanimu ɗan fari ne, haifaffen Tsibiri. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun da aka haife shi mahaifiyarsa, Inna Maijidda, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana yaro “kai” ne, in ba ya wurin “wancan” ne, da ya girma ya sayi babur sai ya zama “mai moto”. Ranar da ya faɗo daga kan tsamiya ya karye a hannu, kakarsa ce ta goya shi zuwa wurin maɗori. Inna tana bakin turmi, ba ta ajiye taɓarya ba, sai dai an ce ranar ta daka geron har ya wuce yadda ake so. Ya san kunya ce, kowa ma ya sani. Amma sanin bai taɓa ƙosar da shi ba.

Mahaifinsa, Maman Lawali, manomin gero ne, mutum marar yawan magana. Da ya rasu bai bar wani abin kirki ba sai gona da gidan ƙasa da wani babban ludayi da ya tsage aka ɗinke shi da zare. Da shi yake shan fura tun yana ango. Inna ta rataye ludayin a bangon ɗakinta, ba wanda ya sake kai shi baki.

Tanimu ya shigo Maraɗi yana saurayi. Ya yi dako a kasuwar hatsi, ya sayar da mai a kwalba a bakin hanya, daga baya ya samu moto ya shiga kabu-kabu. Mutum ne mai hannu a sake, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In abokin aiki ya yi haɗari shi ne na farko a asibiti, in an kama moton wani shi ne mai zuwa ba da haƙuri. A haka 'yan tasharsu suka naɗa shi shugaba, suka ɗinka masa jile, 'yar riga marar hannu, mai ruwan lemo da sunansa a baya da manyan haruffa. Yana son jilen nan. Yana son ya ratsa kasuwa ana “Shugaba! Shugaba Tanimu!” ta ko'ina. Sunan da ba a kira a gida, a titi ya samu masu kiransa, kuma bai gaji da ji ba.

Damanar da gulbi ya cika ya tumbatsa, Tanimu bai zauna ba. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a unguwannin gangare, aka kwashe mutane aka zuba su a azuzuwan lakwal, wato makaranta. Shi ya tara 'yan kabu-kabu suna jigilar tabarmi da tukwane kyauta. Wani gidan rediyo ya yi hira da shi, aka ambaci sunansa a labaran rana. Yana tsakiyar wannan hidima ƙanwarsa Hidaya, wadda take zaune da Inna tun da aurenta ya mutu, ta kira shi a salula.

“Yaya, bangon gabas na ɗakin Inna ya zube. Rumbu ma ya sha ruwa.”

“Inna fa?”

“Lahiya lau take, muna rumfar girki.”

“To, gobe ina nan tahe.”

Gobe ta zo da rabon shinkafa, kuma an ce manya za su halarta. Jibi aka ce ruwa ya cinye wani wuri a hanya. Ya gaya wa kansa cewa Inna tana da inda za ta fake, waɗannan kuwa ba su da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Da ya samu kansa sai ya ɗaure sabon tamfol da ɗan buhun shinkafa a bayan moto, ya sa jilensa, ya kama hanyar Tsibiri. Yana tafe yana tsara yadda za a yi: zai kafa tamfol ɗin da hannunsa, ya nemo magina, maƙwabta su taru su ga abin da ɗan Maijidda ya yi wa uwarsa.

Tun daga bakin zaure ya ji ƙarar cebur. Da ya shiga sai ya tarar da bangon gabas ya riga ya kai ƙirjin mutum. Maza huɗu ne a cikin laka har gwiwa, wasu mata biyu kuma suna kwance damman geron da suka jiƙe suna shanyawa a kan zana. Wanda yake kan bangon wani gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa, rigarsa ta yage a hammata. Tanimu ya san shi sama-sama: Bo'az, manomi ne kuma yana taɓa gini, gidansu yana can wajen majami'a. Inna tana zaune a kan kifaffen turmi a inuwar dogon yaro tana kallonsa.

“Bo'az, a hankali da tsanin nan. Bo'az, ka huta mana. Allah shi yi maka albarka, Bo'az.”

Kafin Tanimu ya gama kafe moto sunan ya shiga kunnensa har ya gundure shi. Ya je ya tsuguna ya gaishe ta.

“Ka iso?” in ji ta, idonta yana kan bango.

“Na iso, Inna. Ga tamfol, ga shinkafa.”

“To. A aje can.”

Ya ajiye can. Bo'az ya leƙo daga sama ya ce, “Sannu da zuwa, Shugaba. Mun ji ka a rediyo, Allah shi saka.” Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ba Tanimu haushi. Ya naɗe ƙafar wando ya nufi wurin kwaɓin ƙasa, sai ya ji muryar Inna a bayansa.

“Kai, bar masu aiki su yi aikinsu. Kar ka ɓata rigar taka.”

Da yamma ya ja Hidaya gefe ya tambaye ta wa ya kira mutanen nan. Ta ce ba kowa. Washegarin da bangon ya faɗi suka yi sallama da sassafe, suka ce sun ga ɓaraguzai daga waje. Ya ce to tubali fa, ina aka samu busasshen tubali da damina? Ta ce na Bo'az ne, tun rani ya buga su zai yi wa ɗansa ɗaki, ya lulluɓe su da zana, shi ne ya sa aka kwaso a amalanke.

“Haka kawai?”

“Haka kawai, Yaya.”

“Ke yarinya ce. Ba a yin haka kawai.”

Daga ranar Tanimu ya bar wa mataimakinsa tasha, kullum yana Tsibiri. Ya ce ya zo kula da Inna, amma Bo'az yake kula da shi. Ya tabbata akwai ranar da za su fito da abin da ya kawo su. In sun tashi sai ya shiga ɗakin ya ɗaga tabarma, ya laluba tsakanin azara, ko an soke wani ɗan littafi. Bai samu komai ba sai gidan zanzaro. Ya kasa kunne ko zai ji sun soma yi wa Inna zancen addini. Abin da ya ji shi ne zancen farashin wake da na ciwon gwiwa. In ladan ya kira azahar sukan ajiye cebur su koma inuwa su yi shiru har a idar, sannan su tashi. Ranar Lahadi ba su zo ba, ranar Litinin suka dawo ba su ce komai a kai ba.

Rannan ya fito da salula ya ce bari ya ɗauke su, zai kai wa mutanen rediyo a yaba musu. Nufinsa ya ga ko za su gyara tsayuwa.

“Ɗauki bangon in kana so, ban da mu, ban da Inna,” in ji Bo'az. “Wanda ɗakinshi ya zube ba ya son a riƙa yawo da shi a aljihu.”

Tanimu ya tuna hotunan da ke cikin salularsa, na mata a lakwal suna miƙo hannu yana ba su tabarma. Ya mayar da ita aljihu.

“To ku mi kuke samu a ciki?”

Bo'az ya miƙe ya dafa ƙugu. “Ciwon baya, Shugaba.”

Sauran suka yi dariya, har Inna ta taya su. Tanimu bai tuna ranar da ya taɓa ba ta dariya ba.

Ranar da za a gama, Inna ta tashi da himma. Ta zaɓo mafi kyau cikin geron da ya tsira, ta sa Hidaya ta surfa ta daka, ta aika aka samo nono mai kyau. Da hannunta ta dama furar a babbar ƙwaryarta ta biki, ta sa citta da kanumfari. A wurin irin su Inna wannan ba ƙawa ba ce. Mutanen da suka taru suka yi maka aiki ba lada, gayya suka yi maka, kuma mai gayya shi ke ciyarwa. Ranar da aikinsu ya tashi kai ma ka je ka ci nasu. Da haka kowa yake riƙe da mutuncinsa. In kuwa aka yi maka aiki aka tafi ba a taɓa abincinka ba, to an mayar da kai wanda ake yi wa sadaka.

Aka ɗora azara ta ƙarshe, aka yi yaɓe, aka gyara indararo. Hidaya ta share ɗakin ta mayar da gado da kwalla da sauran kwanuka, ta buga ƙusa a sabon bango ta rataye ludayin Maman Lawali. Maginan suka wanke hannu da ƙafa. Inna ta taso da ƙwarya riƙe da hannu biyu, fuskarta a sake.

“Bo'az, ku taho ku sha hura.”

Bo'az ya dubi 'yan'uwansa. Sannan ya zo ya tsuguna a gabanta.

“Inna, ki yi haƙuri. Mun zo da guzurinmu, mun ƙoshi. Ki aje ma kanki, geron bana ba yawa.”

“Ko ludayi guda?”

“Ki yi haƙuri, Inna. Allah shi sa a shiga a sa'a.”

Suka kwashi ceburansu suka fita da sauri, kamar yadda suka saba yi a kowane gida don kada a tsaya yi musu godiya. Inna ta tsaya a tsakar gida da ƙwarya a hannu. Maƙwabta biyu da suka leƙo ta katanga suka janye kai.

Tanimu ya matso kusa da ita, ya sassauta murya.

“Inna, ai ba su cin namu. Ƙyama ce. Ni dama na sani.”

Ya san ba haka ba ne. Da idonsa ya taɓa ganin Bo'az a wurin sunan wani maƙwabci yana cin tuwo a kwano ɗaya da liman. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ta yi masa daɗi a baki. Inna ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar, ta koma rumfar girki ta shimfiɗa tabarmarta.

“Inna, ga ɗaki an gama,” in ji Hidaya.

“Ba ni kwana ɗakin sadaka.”

Da fari Tanimu ya ji kamar an sauke masa kaya. Sunan Bo'az ya ɗauke daga gidan ɗif. Tamfol ɗinsa da aka yasar a gefe shi aka ɗauko aka rufa wa rumfar, shi ya hau ya ɗaure da kansa. Shinkafarsa aka dafa. Har Inna ta ce wa wata maƙwabciya, yana ji, “Mai moto ya kawo.” Ya koma Maraɗi ranar yana waƙa a kan hanya.

Sai dai damina ba ta ƙare ba. Ruwa ya sake sauka da iska, irin wanda yake shigowa ta gefe, tamfol bai hana komai ba. Ƙasan rumfar ya jiƙe, tabarma ta jiƙe. Inna ta soma tari, daga tari sai zazzaɓi. Ya ɗauke ta a moto ya kai ta wurin likita, aka ba ta magani aka ce ta guji sanyi da damshi. Suka dawo ta wuce ƙofar sabon ɗaki, busasshe, mai ƙamshin sabuwar ƙasa, ko kallonsa ba ta yi ba, ta koma rumfa.

Ya roƙe ta. Ya ce ta zo Maraɗi wurin matarsa, ta ce ba ta barin gidan mijinta. Ya ce to zai sa a rushe bangon ya ɗauko magina ya biya su, ɗaki ya zama nasa.

“Da damina? Da wane tubali?” Ta yi tari mai tsawo. “Bar ni. Ni Maijidda ban taɓa roƙon kowa ba. Ina da gero, ina da hannu. Su zo gidana su ga ƙwaryata ba ta isa su sa baki ba.”

Hidaya ta same shi a zaure yana goge moton da bai yi datti ba.

“Yaya, kai ka sa mata wannan a rai.”

“Ni na hana su sha?”

“Ba kai ka hana su ba. Amma da ta yi hushin kwana biyu ta huce, ta ce yaran zamani ne ba su san al'ada ba. Kai ka ce mata ƙyama. Kai ka sa, kai za ka cire.” Ta nuna masa gabas da haɓa, inda hadari yake haɗuwa. “Dubi can. In wannan ya same ta a rumfa, ka san sauran.”

Washegari da safe ya je gidan Bo'az, gidan da bai taɓa takawa ba. A tsakar gida ya ga filin da aka share don ɗakin ɗan, ba tubali ko ɗaya. Matar Bo'az, Esta, ta ce sun tafi Jiratawa tun asuba, yashi ya cike magudanan ruwan gonaki, suna taya mutane yashewa.

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maraɗi. Ya bi ta gaban tasharsu, yaransa suka ɗaga hannu suna “Shugaba! Shugaba!” Bai tsaya ba. Duk hanyar abu ɗaya yake juyawa a ransa: shi da kansa, da man motonsa, zai je ya ɗauko mutumin da ya ƙwace masa uwa ya mayar mata da shi. Sau biyu ya rage gudu kamar zai juya.

Ya same su a cikin wata magudana a gefen gonakin ban ruwa, su da mutanen garin, ba ka bambance wane da wane saboda laka. Bo'az ya hango jilen ya fito yana share hannu a wando.

“Shugaba, lahiya? Bangon ne?”

“Bangonka yana nan ƙalau. Ba wanda ya kwana a ciki.”

Ya gaya masa komai a tsaye, a gajarce, yana kallon gonar albasa. Bo'az ya saurara har bakinsa ya buɗe. Sannan ya zauna a bakin magudanar kamar an tura shi.

“Wayyo. Mun yi wauta.” Ya dafe kai. “Ka san abin da ya sa? Nan garin ne, farkon ruwan nan. Mun gyara ma wata tsohuwa ɗaki. Kaza guda ta rage mata, mai ƙwai. Muna kan aiki ashe ta sa an yanka. Muka ci muna murna, sai daga baya jikarta ta gaya ma Esta. Ranar muka yi alkawari tsakaninmu, gidan da ruwa ya ci ba mu ƙara ci mashi komai. Mun ɗauka sauƙi muke yi ma mutane.”

“Sauƙi,” in ji Tanimu. “Kai ba Bahaushe ba ne? Ba ka san gayya ba?”

“Na sani. Na ga idonta ma ranar. Na ce alkawari alkawari ne.”

“Kuma wani ya ce mata ƙyamar abincinmu kuke.”

“Wa?”

“Wani.”

Bo'az ya ɗago ya dube shi, bai sake tambaya ba. Ya je ya yi magana da 'yan'uwansa, ya miƙa wa wani ceburinsa, ya dawo ya ɗaga ƙafa zai hau moto.

“Tsaya, malam! Da wannan lakar za ka hau mini kujera?”

Tanimu ya cire jilensa ya shimfiɗa a kan kujerar, sunan yana kallon sama. Bo'az ya zauna a kai.

Suka ratsa Maraɗi. Sai da suka kama hanyar Tsibiri, gero a dama da hagu ya fi mutum tsawo, Tanimu ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba.

“Mi ya sa kake ce mata Inna? Ba ka da taka?”

“Ta rasu tun ina goye.”

Tanimu ya ƙara wuta.

Sun tarar da Inna kwance a rumfa ta juya wa ƙofa baya. Bo'az ya cire takalmi ya tsuguna a bakin tabarma.

“Inna, yunwa ta koro ni.”

Inna ta ƙara jan bargo, shi kuma ya ƙara matsowa.

“Inna, na yi laihi. Rannan na ga hura na yi kunya, na tahi na kwana ina tunaninta. In da saura a taimake ni.”

“Waccan ta yi tsami, awaki sun sha,” in ji ta, ba ta juyo ba. “Gidanku ba gero ne?”

“Akwai. Mai damawa irin taki ce babu. Kar dai ki gaya ma Esta.”

Hidaya ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Inna ta bar shi a tsugune har ƙafarsa ta yi sanyi. Sannan ta ce, “Hidaya, ɗebo gero.”

Fura ba ta yiwuwa da gaggawa. Aka surfa, aka daka, aka dafa, aka kirɓa, hadari kuwa yana ta haɗuwa a gabas. Bo'az yana zaune a gindin dogon yaro, Tanimu yana kai da kawowa yana duban sama. Inna ta tashi zaune ta dama da kanta, tana yi tana tari. Hidaya ta kawo ludaya ta jera a kan faifai. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ture. Ta dafa ginshiƙin rumfa ta miƙe, ta ratsa tsakar gida a hankali, ta ɗaga labulen sabon ɗaki ta shiga.

Ta fito da ludayin Maman Lawali, ta ɗauraye shi, ta miƙa wa Bo'az.

Tanimu ya ga ɗinkin zaren nan da ya sani tun yana rarrafe ya nufi bakin wani. Bo'az ya sha, ya ƙara, ya sake ƙarawa, fura tana zuba a gemunsa. Inna tana tsaye a kansa tana lura kada ya yi ha'inci.

“Sha da kyau, Bo'az. Haka ake yi.” Sannan, tana kallon wani wuri can wajen rumbu, ta ce, “A ba wancan ma. Ya sha hanya.”

Hidaya ta miƙa masa ludayin kowa da kowa. Ya karɓa ya sha. Iska ta taso ta fizge gefen tamfol, ɗigon farko ya faɗo a kan faifai. Inna ta ce a kwaso mata tabarma da bargo, ta riga kowa shiga ɗaki.

Tarin ya bar ta kafin a yanke gero. Mutanen Bo'az kuma sun sassauta alkawarinsu: yanzu duk gidan da aka miƙo musu ƙwarya suna sha, sai dai tun da safe sukan roƙi mai gida kada a yanka komai. Har yau ba su da riga mai rubutu. Ranar da na samu Tanimu, wata Asabar ce bayan damina, a bayan gidan Bo'az. Ya tuɓe jile ya rataye a reshe, yana cikin laka yana buga tubalin ɗakin ɗan Bo'az, tubalan nasa duk sun karkace. An ce mini tun daga lokacin duk inda suka nufa yana biye da su. Shi ya ba ni labarin nan, Hidaya ta cike mini inda ya tsallake.

Na tambaye shi, “To yanzu kishin ya wuce ke nan?”

Ya miƙe ya share gumi da bayan hannu, ya harari inda Bo'az yake.

“Ya wuce ina? Ludayin tsohona fa ta ba shi, ni ko taɓawa ban taɓa yi ba. Kana ganin don Allah nake bin shi? Gadi nake. In na bar mutumin nan shi kaɗai, uwayen Maraɗi duka zai kwashe.”